Taken Jibo Bai Sauka Ba

Rogo Sabon Gari, 4 ga Mayu

Zuwa ga Mujahid, jikan yayana, ɗan nema, mai karatun kiɗa a ƙasar Jamus.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya. Mu ma lafiya muke, in ka cire gwiwoyina, waɗanda suka ajiye aiki ba tare da sun rubuto takarda ba. Ruwa ya yi sau biyu ya ɗauke. Masu gaggawa sun yi shuka, mu masu haƙuri muna zaune muna kallonsu.

Kada ka sake cewa in yi maka magana ta waya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin hakimi, kuma abin da ban rubuta ba, ban faɗa ba. Autata Rukayya za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka kamar kullum.

Ita ce ta kunna mini kiɗan fiyanon da ka sa a intanet, wanda ka raɗa wa suna Taken Jibo. Tun bugun farko na gane shi. Shi ne wanda na ƙwanƙwasa maka a kan benci bara da ka zo hutu: taken abokina Jibo na Karaye, wanda marigayi Ɗantala mai gangar noma yake kaɗa masa ranar gayya. Na ji daɗi. Da aka jima na ce wa Rukayya wayarta ta maƙale. Ta ce a'a, Baba, haka abin yake. Na tashi na je na yi alwala na dawo, na tarar da shi daidai inda na bar shi.

To, kiɗanka ya riga ni zuwa Karaye. An ce har a shagon masu cajin waya ana kunna shi. An ji shi, kuma an ji shi sosai. Saboda haka ka hanzarta ka aiko da sauran.

Kakanka,
Aƙilu

*

Jamus, 6 ga Mayu

Zuwa ga Kaka Aƙilu, sarkin masu alƙalami.

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na karanta har sau uku. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gajiya, da ciwon wuyan hannu da ba ya rabuwa da ni. A gaida Inna Rukayya.

Kaka, ba ka san yadda ka faranta mini rai ba. A ce a Karaye ana sauraron abin da na rubuta! Shekara biyu ina nan ina rubuta kiɗa irin na mutanen nan, duk wanda na gama sai in ji kamar na ari rigar wani. Wannan ne na farko da na ji nawa ne.

Amma babu wani saura. Wayar Inna Rukayya ba ta maƙale ba. Irin kiɗan da nake koyo ke nan: a ɗauki abu ƙanƙani a yi ta juya shi. Sauti biyar kawai na ɗauka daga abin da ka ƙwanƙwasa mini. Hannun hagu yana maimaita su ba ya gajiya, na dama yana biye da shi, amma duk bayan zagaye takwas sai ya yi jinkiri da ɗan kaɗan, kamar mutum biyu da ke tafiya tare ɗaya ya fara ja da baya. Minti goma sha ɗaya. Mai sauraro zai yi ta jiran a sauke masa, ba za a sauke ba. Wannan jiran shi ne kiɗan. Malamata ta ce in na taɓa ko sauti ɗaya za ta ɓata da ni.

Ranar 20 ga Yuni zan kaɗa shi a gaban malamai, jarrabawar ƙarshe ke nan. Daga cikinmu za su zaɓi mutum biyu da za a kaɗa nasu a babban zaure bayan hutu. Ka sa ni a addu'a. Kuma ka gaida mini Baba Jibo, ka ce masa sunansa ya haye teku.

Jikanka da ya fi ka kyau,
Mujahid

*

Rogo Sabon Gari, 29 ga Mayu

Mujahid,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da hannu. Ka ga na daɗe ban rubuto ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara, sauran kwanakin kuwa ina neman ta inda zan fara. Yanzu jiki da sauƙi. Ruwa ya zauna, mun shuka gyaɗa da dawa.

Laifina ne. Na yi maka hannunka mai sanda, na manta ka bar gida tun kana ƙarami. Da na ce an ji kiɗanka sosai, ba yabo nake nufi ba. Bari in faɗa maka a fili, yadda ake rubuta ƙara.

Taken manomi kashi biyu ne. Akwai kira, akwai sauka. Ranar gayya, idan an jera a bakin gona kowa da garmarsa, makaɗi yakan bi bayan mutum yana kaɗa masa kira. Da ya kai ƙarshen kunya ya miƙe, sai a kaɗa masa sauka, mata su yi guɗa. Amma idan mutum ya gaza, ƙugu ya riƙe ko numfashi ya ƙare, makaɗi sai ya tsaya a kansa ya yi ta maimaita kiran nan, ya ƙi saukewa, har jama'a su juyo suna dariya. Mu nan cewa muke an rataye shi. Na san wanda aka rataye a Falgore ya bar garin kafin kaka. Jibo kuwa, shekara arba'in yana shiga gayya, ba a taɓa rataye shi ba, ko sau ɗaya.

Abin da ba ka sani ba, kuma ban gaya maka ba don kada in ɗaga maka hankali, Jibo ya faɗi da azumi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya tafi. Yana kwance sai an juya shi. A wannan halin ne aka ji takensa yana fitowa daga wayoyi, da sunansa a rubuce, kira a kan kira, minti goma sha ɗaya, babu sauka. Kuma daga gidan Aƙilu.

Na hau mota na je Karaye. Babban ɗansa Kabir ya tare ni a zaure. Yaron da ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, har ya tambayi gwiwata, sannan ya ce, "Baba, tsoho yana barci."

Na ce, "Sai in jira."

Ya ce, "Barcin nasa yana da tsawo, Baba. Kamar kiɗan gidanku."

Aka kawo mini ruwa, ba a shimfiɗa mini tabarma ba. Na sha na taso.

Ni da Jibo shekara sittin da 'yan kai. Waɗanda suka san ni tun ban da gemu, shi kaɗai ya rage. Likita ya gaya wa iyalinsa su yi ta addu'a, ka kuwa san ma'anar wannan. Ba na so ya tafi yana zaton daga gidana aka rataye shi. Ka sauke masa, Mujahid. Abin da nake roƙo ke nan.

Aƙilu

*

Jamus, 30 ga Mayu

Kaka,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, ya ba Baba Jibo sauƙi. Wallahi ban sani ba. Tun da na karanta takardarka abinci ya ƙi shiga. Na cire kiɗan daga intanet, ko da yake na san wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba zai dawo ba.

Amma Kaka, kai ma ka duba. Da ka faɗa mini a takardar farko, da na sami wata guda da rabi. Yanzu saura sati uku. Kuma abin da kake nema ba ƙarin gishiri a miya ba ne. An gina abin ne gaba ɗaya a kan cewa ba zai sauka ba. In na sauke shi, ya zama wani kiɗa dabam, wanda kowa ya iya. Ba za a iya yi wa Kabir bayani ba? In rubuta masa da kaina, in canja sunan?

Sannan ko na yarda, ban san saukar ba. Kira kawai ka ƙwanƙwasa mini. Ban ma san akwai wani abu a bayansa ba. Me ya sa ka ba ni rabi?

Ban ce na yarda ba. Amma ka aiko in ji.

Mujahid

*

Rogo Sabon Gari, 11 ga Yuni

Mujahid,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gyaɗa ta fito, ciyawa ta fi ta fitowa. Ka ci abinci. Yunwarka ba za ta tashi Jibo ba.

Batun canja suna, ka bari. Ko ka kira shi taken limamin Masar, duk wanda ya haura hamsin a ƙasar nan ya san na wane ne. Bayani kuwa, Kabir ba shi ne mai buƙata ba.

Ka tambaye ni me ya sa na ba ka rabi. Na kwana biyar ina juya tambayar nan, don amsarta ba ta da daɗi. Rabin nake da shi. Na zauna a kan bencin nan na yi ta ƙwanƙwasa, Rukayya har ta leƙo ta ga ko lafiya, saukar ta ƙi zuwa. Sai na gane dalili. Ni mutumin alƙalami ne, kunya ce kawai take kai ni gayya. Duk lokacin da ake kaɗa wa Jibo sauka a can ƙarshen gona, ni ina nan tsakiyar kunyata a duƙe, jini yana kaɗa mini tasa gangar a kunne. Guɗar mata kawai nake ji. Shekara arba'in ban taɓa jin ƙarshen taken abokina ba, kuma ban san ban ji ba sai da ka tambaya.

Ɗantala ya rasu. 'Ya'yansa ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana ɗinki a Kano, gangar ma an ce gara ta cinye. Na rasa wanda zan tambaya. Rukayya ce ta ce, "Baba, wa yake tsayawa a ƙarshen gona?" Na ce masu kawo fura. Ta ce, "To?"

Mero ke nan, matar Jibo.

Muka bari sai ranar kasuwa da Kabir ba ya gida. Rukayya ta shiga ta yi sallama, aka jima Mero ta fito zaure da mayafinta. Ta tsufa a wata uku fiye da yadda ta tsufa a shekara goma, amma bakin yana nan.

Ta ce, "A'a, malamin hakimi! Yau haraji aka zo karɓa ko ratayar ce ba ta isa ba?"

Na ce, "Mero, roƙo na zo yi."

Ta ce, "Kai da ko gishiri ba ka roƙo sai da takarda?"

Na gaya mata komai, har da abin da na gaya maka yanzu. Na zaci za ta zage ni. Dariya ta yi, har da riƙe ciki, tana cewa, "Wayyo Aƙilu! Ai ni nake hango ka can baya kamar an dasa ka. Ɗantala sau nawa ya so ya rataye ka, Jibo ne yake harararsa." Wannan ma ban sani ba.

Sai dariyar ta tsaya. Ta ce jikoki ne suka kunna wa Jibo kiɗan, suna zaton zai ji daɗi. Ya saurara. Duk inda sauka ta kamata ta zo, sai ya ɗaga hannun hagunsa, wanda ya rage masa, ya riƙe shi a sama yana jira. Ba ta zo ba, ya sauke. Kira ya dawo, ya sake ɗagawa. Ta ce ta ƙirga har goma sha huɗu ta kasa, ta fita. Daga ranar ya juya fuskarsa bango. Kunu ma sai an yi da gaske.

Ta shiga ta ɗauko tasa da ludayi, ta kifa tasar a ƙasa. Rukayya ta riƙe waya. Abin da za ka ji ke nan tare da takardar nan. Bugu uku ne a jere masu nauyi, sai shiru kamar an haɗiyi yawu, sai ɗaya. Shi ke nan. Abin da na kasa ji shekara arba'in bai kai tsawon atishawa ba. Mero ta ce ka kula da shirun nan, nan ne yake miƙe ƙugu.

Ban san me ake kira kiɗa mai kyau a Jamus ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na sani. Aikinka ne, shekarunka ne. Na faɗi abin da na gani.

Aƙilu

*

Jamus, 24 ga Yuni

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina fata kowa lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, ban so in rubuto ba sai an gama. Hannun ya kumbura, an naɗe mini shi, an ce in huta sati biyu.

Na saurari tasar Inna Mero ban san sau nawa ba. Bugun huɗun ba su ba ni wahala ba, shirun ne. In na gajarta shi sai ya zama kamar an rufe ƙofa da ƙarfi, in na tsawaita sai ya zama kamar na manta. Kwana huɗu na yi a kan shirun da bai kai daƙiƙa biyu ba. Sannan dole na koma baya na gyara tafiyar hannun dama, domin ya riƙa kamo na hagu sannu a hankali, su iso tare. Ban rage ko minti ɗaya ba. Wannan kam na ƙi.

Har ranar jarrabawa ina da takardu biyu a jaka, tsohon da sabon. Ina zaune a gaban fiyano ban san wanne zan ɗauko ba. Sai na tuna hannun nan a sama. Na sauke.

Na ci jarrabawa. Ba a zaɓe ni a babban zaure ba. Malamata ta kira ni ofis, ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai na ba da amsar tambayar da ta fi kyau a bar ta a buɗe. Na gaya mata labarin Baba Jibo. Ta ce ta fahimta, amma kunnenta bai canja ra'ayi ba. Gaskiya, Kaka, nawa ma bai canja ba. Har yanzu na farkon ya fi mini. Ban ce na yi nadama ba, na dai gaji.

Ga shi nan na tura wa Inna Rukayya. Kada a tsallake a kai shi ƙarshe. A bar shi ya ji tun daga farko.

Mujahid

*

Rogo Sabon Gari, 2 ga Yuli

Zuwa ga jikana Mujahid.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka barka da jarrabawa, ina yi maka jaje da zaure. Yaya hannun? Mu nan ruwa ya yi yawa, katangar bayan gida ta zauna, gwiwoyina sun goya mata baya.

Shekaranjiya muka je Karaye da hantsi. Kabir ya sake tare zaure, ya fara batun barci. Daga ciki Mero ta ɗaga murya ta ce, "Kabiru, gidan ubanka ne ko naka? Matsa wa tsoho ya wuce, kafin ya rubuta sunanka." Ya matsa, amma ya biyo mu, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Wata huɗu rabona da Jibo. Mutumin da yake ɗaga buhun gyaɗa da hannu ɗaya, yanzu zanen gado ya fi shi kauri. Na yi sallama, bai juyo ba. Rukayya ta ajiye wayar kusa da matashinsa ta kunna.

Ɗan nema, ka ce ba ka rage ko minti ɗaya ba, kuma na shaida. Na taɓa zaman shari'ar gona da aka yi wuni ana yi, ba ta kai minti goma sha ɗayan nan tsawo ba. Kira ya fara. Kabir ya ce, "Baba, wannan ai shi ne dai!" Na ce ya jira. Aka yi ta yi. Gumi ya jiƙa mini riga. Ban saurare shi a gida ba, don na so mu ji shi tare da Jibo, sai na fara tunanin ko tsohon kiɗan ka turo bisa kuskure, ina lissafin ta inda mai ciwon gwiwa zai gudu. Hannun Jibo ya ɗaga sau ɗaya, ya sauka. Ya ɗaga na biyu. Daga nan ya daina, ya bar shi a kan ƙirji. Wannan ya fi mini ciwo.

Can sai Mero ta ce a hankali, "Ga shi nan, yana kamo shi." Ni ban ji komai ba, ita ta ji. Jibo ma ya ji, don hannun ya tashi, ya tsaya a sama.

Uku suka zo. Sai shirun. Wallahi na ga ƙugun mutumin nan ya motsa a kan katifa. Sai ɗayan.

Ya saki hannun ya faɗi a kan gado, yadda yake jefar da garma. Mero ta rufe baki da mayafi ta yi guɗa, 'yar ƙarama, ta tsofaffi. Kabir ya fita tsakar gida, ya daɗe yana wanke fuska.

Jibo ya juyo. Bai dube ni ba, Mero ya duba, ya nuna bakinsa. Ta gane kafin mu. A gayya, wanda ya fara kai ƙarshe shi ake fara miƙa wa ƙwaryar fura, in ya sha sai ya miƙa wa wanda ya zo na biyu, a haka har ta kai na ƙarshe. Ta dama fura da sauri, ta tallafe kansa. Ya sha ludayi uku, rabi yana zuba a gemu. Ta ce rabonsa da cin haka tun kafin ruwa ya zauna.

Sai ya tura ƙwaryar da bayan hannu, a hankali, a kan zanen gado, har ta taɓa gwiwata.

Mero ta ce, "Kai Jibo, ji tsoron Allah! Wannan ne na biyu? Ai shi sai an wanke ƙwarya yake isowa."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga. Na ɗauka na sha. Shekara arba'in ina shan ruwan ɗauraya, ban san furar Mero da kauri take ba.

Ba zan ce maka ya warke ba. Likita bai canja magana ba, ni ma da na gan shi ban canja ba. Amma an shimfiɗa mini tabarma, kuma jibi zan koma.

Game da kunnen malamarka da naka, ba ni da ta cewa. Wataƙila kuna da gaskiya. Ka ajiye na farkon a jakarka, kada ka yaga, wata rana ka sa masa sunana. Ni an daɗe da ya kamata a rataye ni.

Ka huta da hannun nan. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai muna da sauran gani.

Kakanka, na biyu a gayya,
Aƙilu